Allurar Da Ta Share Sawu

Ni na yi wa kawuna allurar dexa, ni kuma na bi ta da ƙwayoyin prednisolone na makonni, alhali ban san sunan ciwon da ke cin sa ba. Ba mai kemis ne ya yi ba, ba masu tallar magani a faranti ranar kasuwa ba. Ni ne, malamin asibiti mai takardar shaida, wanda aka koya wa tun yana makaranta cewa zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ga rama, ga gumin dare, ba nasa ba ne, na gaba da shi ne. Ina rubuta wannan ne don abokan aikina da ke ƙananan asibitocin Illela da Gada da Gwadabawa, da masu shagunan magani, da duk mai majinyaci a ɗaka. Abin da na yi ana yin sa kullum a garuruwanmu, kuma mai yin sa godiya ake yi masa.

Kawu dillalin shanu ne. Duk wanda ya san Illela ya san ranar Lahadi: dabbobi daga ƙasar Tawa na shigowa ta Kwanni, tireloli na lodi zuwa Kudu, naira da sefa na sauya hannu a tsaye. Cikin wannan ƙura ya girma ya manyanta, ƙaƙƙarfan mutum da ban taɓa ganin ya kwanta ciwo ba. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, cikin 'yan kwanaki aka datse boda. Kasuwar kara ta yi sanyi, Kawu ya koma zaman ƙofar gida da rediyo. Da ya fara zubewa kowa ya ce tunani ne, ni ma na ce tunani ne. Magana ce mai saurin shiga kunne, don a waccan daminar babu gidan da bai ji a tukunyarsa ba.

Sai zazzaɓi ya shigo, mai zuwa da la'asar, ya tafi da asuba ya bar shi sharkaf da gumi har sai an sauya masa shimfiɗa. Ga wani nauyi a kwiɓin hagu, ba suka ba, ba murɗa ba, nauyi kawai, ya kan dafa wurin da tafin hannu in yana magana. Na yi masa gwajin maleriya na ɗan tsinke, ya nuna akwai, na ba shi Coartem. Na sani sarai cewa da damina manya da yawa a ƙasarmu na yawo da ƙwayar maleriya a jini ba tare da ita ce ta kwantar da su ba, don haka layi biyu a kan tsinke ba ya rufe magana. Na bar shi ya rufe ta. Zazzaɓi ya dawo, na tura aka yi gwajin Widal, aka ce taifod, na ba da ciprofloxacin. Tun 1896 ake wannan gwaji, kuma a wurin da kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ƙwayar taifod a ruwan sha, yakan nuna akwai ko da babu ciwon. Wannan ma na sani. Da fitsarinsa ya fara ja, amsa na nan kusa: mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana wanka a tafkin Kalmalo, ai tsargiya ce. Na ba da praziquantel. Na ƙara da allurar gentamicin bisa zaton ciwon sanyi ne ya hau ƙoda, ga diclofenac safe da dare saboda kwiɓin. Abu biyu kawai na yi a kan ƙa'ida: na aika da kakinsa gwajin tarin fuka, na yi masa gwajin HIV, duka suka fito babu.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, in ka ware shi, yana da hujjarsa. In ka jera su, mutum za ka gani wanda ya kasa cewa abin nan ya fi ƙarfina. Uzurori na da su. Kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin mai a watan Mayu. Hanyar asibitin mishan na Galmi, wadda mutanenmu suka saba bi in ciwo ya yi tsanani, boda ta tare ta. Sakkwato kuwa ga mutumin karkara wuri ne da ba a zuwa hannu sake. Duk gaskiya ne. Amma akwai wanda ya fi su nauyi a raina: a gidan Kawu "Likita" ake kira na, tun daga shi har jikoki, kuma da kuɗin la'adarsa na yi makaranta. So nake ya warke a hannuna.

Wata safiya Inna, matarsa, ta tare ni a zaure. "Likita, kawunka bai cin komi. Ko loma ukku bai yi. Ka yi mai wani abu, don Allah." A ranar na ɗauko dexa. Babu wanda bai san ta ba a nan. 'Yan mata na shan ta don ƙiba, cikin magungunan da ake kira sha-ka-fashe, wasu masu kiwo na ba raguna gab da Sallah, kuma kuɗinta bai kai na kwanon abinci ba. Niyyata ta buɗe masa ciki ya ɗan samu ƙarfi.

Abin da ya biyo baya ya wuce abin da na nema. Zazzaɓi ya ɗauke, gumi ya tsaya, nauyin kwiɓi ya sauka, ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ranar Lahadi ya zura babbar riga ya tafi kara. Inna ta ce, "Tun da kay yi mai allurar ga shina ci, shina kwana. Allah shi yi ma albarka." Na amsa da amin. Na maye allurar da ƙwayoyi, bayan wasu kwanaki na tsayar. Ba a daɗe ba komai ya dawo. Na sake ba shi, ya sake miƙewa. Na sake tsayarwa, ya sake kwantawa. A nan ne abin ya tashi daga kuskure ya zama sakaci. Ciwon da ke gudu in ya ga irin wannan magani, ya dawo da zarar an ɗauke, kansa yake tonawa. Maleriya ba ta haka, taifod ba ya haka, tunanin boda ba ya haka. Ni kuwa abin da na ɗauka shi ne jikinsa na son maganin, sai na bar shi a kai.

Ga abin da ke gudana a cikinsa, wanda sai daga baya aka zaunar da ni aka warware mini. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai jinsin da ake kira limfosait. Su ke taruwa a kaluluwa da saifa, su ke sa kaluluwa ta tashi in mutum ya ji rauni a ƙafa. Wani lokaci guda daga cikinsu kan lalace ta shiga hayayyafa ba tsayawa, wannan sankarar ita ce limfoma. Dexa da prednisolone da danginsu na kashe limfosait kai tsaye, masu lafiya da masu sankara. Shi ya sa ƙarin ke narkewa, majinyaci ya tashi kamar ba shi ba. Amma ba sa kashe su duka, waɗanda suka tsira su ne masu taurin kai, su ke dawowa. Matattun da aka bari kuma ba sa nuna wa mai duba tsoka a madubin likita ko su wane ne. Mutanen kara sun san abin da ake yi in an kore shanu cikin dare: ba a barin kowa ya taka wurin sai masu bin sawu sun iso. Ni na shiga da tsintsiya na share wurin tas, sannan aka kira su.

Da hunturu ya shigo maganin ya daina riƙe shi. Ƙafafu suka kumbura, fuska ta cika, ga amai, ga shaƙuwa da ba ta tsayawa, fitsari ya koma ɗan kaɗan. Taubashina, babban ɗansa, bai nemi shawarata ba. Shatar mota ya yi, muka bi ta Gwadabawa da Kware, kimanin kilomita 80, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gwajin jini ya nuna ƙodoji sun kusa tsayawa, aka ɗora shi a injin wankin ƙoda. Hoton sikanin ne ya fara tsayar da likitoci. Ƙodar babban mutum tsawonta kan kai santimita 10 zuwa 12, kuma wadda hawan jini ya daɗe yana ci motsewa take yi ta ƙanƙance. Nasa duka biyun girma suka ƙara, ta hagu da ƙari a jikinta. Ƙoda ta gaza aiki kuma ta cika, abubuwan da ke jawo haka ba su da yawa: ciwon suga, HIV, toshewar hanyar fitsari, ciwon gado da ke cika ta da ƙululun ruwa, ko wani abu ya shiga namanta ya mamaye. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana kawarwa, na ƙarshen ya rage.

Wata likita ta zauna da biro a hannu ta ce, "Malam, an ce kai ma'aikacin lafiya ne. Faɗa mini duk abin da ya sha." Na fara lissafi. Da na zo kan diclofenac da gentamicin ta ɗago ta dube ni, ba ta ce komai ba, ta rubuta. Dukansu biyu masu cutar da ƙoda ne, ni da ita mun sani. Kallon nan ne ya sa na haɗiye sauran. Ban ambaci dexa ba, ban ambaci prednisolone ba. Kuma na san Inna na da ragowar ƙwayoyin a ƙulle a haɓar zanenta, tana ba shi da dare a ɓoye, don a ganinta shi kaɗai ne maganin da ya taɓa yi masa amfani. Na gani, na kau da kai.

Da hoton CT ya tabbatar da ƙarin, dangi suka taru a inuwar da masu jinya ke yini. Ni na kawo shawarar a roƙi likitoci su cire ƙodar hagu a huta. Ina da dalili na littafi: kusan tara cikin goma na sankarar ƙoda a manya daga naman ƙodar kanta take tashi, ba ta jin kemo, wato magungunan kashe sankara, wuƙa ce maganinta. Har an fara maganar bijiman da za a sayar. Likitan tiyata ya ƙi. Ya buɗe hoton a kwamfuta ya nuna mana. Ciwon a ƙoda biyu yake, ba ɗaya ba. Ƙarin launinsa ɗaya ne sumul, bai sha ruwan hoto sosai ba. Ya naɗe jijiyoyin jinin ƙodar ya zagaye su amma bai toshe su ba, alhali waccan sankarar kutsawa take yi cikin jijiya. Ya ce, "In na cire wannan, ciwon na nan a ɗayar, kuma na bar shi da rabin abin da Allah ya ba shi. In abin da nake zato ne, magani zai narkar da shi, ƙodar ta farfaɗo. Sai mun ga tsoka." Da an bi tawa, da Kawu ya rasa ƙoda a banza, ya kuma ɓata makonni yana jinyar miki kafin a fara maganin gaske.

Ɗibar tsoka ba ƙaramin abu ba ne. Ana kwantar da mutum rub da ciki, a kashe wurin, a bi da doguwar allura ta baya ana kallon sikanin, a gutsuro 'yar siririyar tsoka. Ƙoda wuri ne mai jini, jinin mai ciwon ƙoda kuma ba ya saurin daskarewa, don haka kowace shiga da haɗarinta. Mutanenmu na tsoron ta don wani dalili daban, wai in ƙarfe ya taɓa daji sai ya bazu. Wannan maganar ta hana mutane da yawa sanin ciwonsu har suka mutu. Ni na lallashi Inna ta yarda. Sakamako ya fito: matattun ƙwayoyi, da 'yan limfosait da ba su isa a yanke hukunci ba.

Likitar nan ta ja ni gefe, ba a gaban dangi ba. "Malam, fuskarsa ta yi zagaye, sugansa ya hau, tsokar kuma ta mutu irin ta wanda aka riga aka fara yi wa magani. Zan sake tambayarka. An ba shi dexa ko prednisolone?" Na ce an ba shi. Ta ce wa ya ba shi. Na ce ni. Ta tambayi tun yaushe, guda nawa, yaushe ya sha na ƙarshe. Na ce daren jiya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce da ta sani da ba a soke shi a banza ba. Yanzu sai an janye maganin sannu a hankali, don wanda ya daɗe a kansa in aka yanke masa lokaci guda jininsa na iya faɗuwa ya rasa ransa. Bayan nan a jira ciwon ya sake tsirowa, sannan a sake shiga. Wato sai mun zauna mun zuba ido sankara na ƙara girma a jikin Kawu don a samu a gane ta. Duk makonnin nan ana wankin ƙoda, kowane zama da kuɗinsa. Bijiman da aka ware don magani a jira suka tafi.

Tsoka ta biyu ta yi magana. Aka yi mata rini na musamman mai bambanta jinsin ƙwayoyi, ta nuna alamar CD20: limfoma ce ta manyan ƙwayoyin B, mai saurin girma, irin wadda ta fi yawa a manya a faɗin duniya. Aka duba wuya da hammata da matsematsi, aka duba ƙirji da ciki da saifa, aka ɗebi ɓargo, ba a same ta ko'ina ba sai ƙoda. Limfoma ta bazu ta taɓa ƙoda ba baƙon abu ba ne. Binciken gawarwakin waɗanda ta kashe ya nuna hakan a kusan ɗaya cikin uku ko fiye. Amma ta fara daga ƙoda ta tsaya nan, wannan bai kai kashi 1 cikin 100 na limfomar da ke tashi a wajen kaluluwa ba. Har an daɗe ana gardamar ko akwai ta, domin naman ƙoda ba shi da matattarar limfosait irin ta kaluluwa ko ta hanji. Masana na ganin daga fatar da ta lulluɓe ƙodar take farawa, ko daga kitsen da ke kewaye, ko daga inda wani daɗaɗɗen kumburi ya tara ƙwayoyin. Likita na iya gama aikinsa ya yi ritaya bai ga ko ɗaya ba.

Don haka babu mai tuhumata don ban gano ta a Illela ba, ni ma ban tuhumi kaina a kan wannan ba. Sanin sunanta ba aikina ba ne. Aikina shi ne in gane ban san sunan ba, in miƙa shi gaba ban ɓata komai ba, in kuma faɗi gaskiyar abin da na ba shi. Duka ukun na kasa.

Abin da ya ƙara mini ɗaci shi ne limfoma na cikin sankarar farko da aka yi nasara a kanta da magani, kuma ƙasar nan na da hannu a nasarar. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wata sankarar yara a Uganda mai kumbura muƙamuƙi, wadda kan kama ƙodoji ma. A Ibadan, Victor Anomah Ngu na cikin waɗanda suka nuna cewa cyclophosphamide na narkar da ita, kuma shi da Burkitt na cikin waɗanda aka ba lambar Lasker a 1972. Wannan maganin na cikin guda biyar da aka haɗa wa Kawu, haɗin da ake kira R-CHOP: rituximab, cyclophosphamide, doxorubicin, vincristine da prednisolone, duk bayan kwana 21, zagaye shida. Na biyar ɗin shi ne ƙwayar da nake ba shi a zaure, ita ɗin dai, kwana biyar a kowane zagaye. Maganin ba shi da laifi. Gurbinsa bayan an ga tsoka ne, tare da 'yan'uwansa huɗu.

Na ga yadda ake shiri kafin a taɓa mutum da irin waɗannan magunguna, na ji kunyar yadda na zuƙi dexa a sirinji ba tare da na auna ko suga ba. Aka yi hoton zuciya, don doxorubicin na iya raunana ta. Aka yi gwajin ciwon hanta nau'in B, ya fito akwai. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manyan Nijeriya na ɗauke da shi, yawancinsu ba su sani ba. Rituximab kan tayar da shi daga barci ya cinye hanta, kuma ƙwayoyin da na ba shi ma na iya yin hakan. Aka ɗora shi a kan entecavir, da sharaɗin zai ci gaba da sha aƙalla shekara guda bayan an gama kemo. Kwanakin farko su suka fi haɗari. In ƙwayoyin sankara suka mutu da yawa lokaci guda, suna zubo da sinadarai cikin jini waɗanda ƙoda mai lafiya ma da ƙyar take kwashewa, balle tasa. Aka ba shi allopurinol, ana auna ruwan da ya shiga da wanda ya fita, ana ɗibar jini kullum. Doxorubicin ja ne, yakan rina fitsari, Inna ta tsorata ta zaci jinin ne ya dawo. Gemunsa ya zube. Vincristine ya sa yatsunsa na mutuwa har ƙirga kuɗi ke ba shi wuya. Aka gargaɗe mu cewa zazzaɓi a tsakiyar zagaye ba abin jiran wayewar gari ba ne, don garkuwar jiki na ƙasa, shi ya sa ya zauna gidan wani ɗan'uwa a Sakkwato bai koma Illela ba.

Rituximab ne ya karya mu. An amince da shi a Amurka a 1997, wani bincike na Faransa da aka buga a 2002 ya nuna ƙara shi a kan sauran huɗun na ƙara yawan masu tsira, kuma tun 2015 yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Inda ake samun cikakken haɗin, kusan shida cikin goma na masu irin wannan limfoma na warkewa, ko da yake wadda ta kama ƙoda ta fi tauri. Amma farashinsa dala yake bi, ko da samfurin Indiya ne, kuma a Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Aka jinginar da gona. 'Yan kara suka yi karo-karo. Abokan cinikinsa na Kwanni da Tawa suka aiko da sefa tun kafin a buɗe boda a watan Maris. An yi zagaye shida, amma ba duka ne suka samu rituximab ba. Kuɗin da zai cike giɓin shi ne wanda ya tafi a wankin ƙoda lokacin jiran tsoka ta biyu.

Bayan zagaye na biyu fitsari ya dawo, aka sauke shi daga injin wanki, kamar yadda likitan tiyata ya faɗa. Hoton ƙarshe bai nuna ƙari ba. Sai dai ƙodojin ba su koma yadda suke ba. Likitan ƙoda ya faɗa mini kai tsaye cewa tabon da ya rage, wani na daɗewar da ciwon ya yi a ciki ne, wani na diclofenac da gentamicin. Azumin 2024 ya same shi cikin magani. Na 2025 ma likita ya hana shi, don ƙodarsa ba za ta jure ƙishirwar bazarar Sakkwato ba. Mutumin da tun balagarsa bai sha azumi ba, yanzu ciyarwa yake yi.

Da bakina na faɗa masa, bayan ya dawo gida. Na ce, "Kawu, akwai maganar da ta kamata ka ji daga gare ni." Na ba shi labarin tun daga allurar farko har shirun da na yi. Ya daɗe bai tanka ba, sannan ya ce, "Ɗan nan, na san ba da mugunta kay yi ba. Allura na yahe. Amma shirun da kay yi gaban likita, wanga ban zace shi ba gare ka." Taubashina kuwa ya ɗauki lokaci kafin ya sake zama tabarma ɗaya da ni, kuma ban ga laifinsa ba.

Na ɗauki maganar zuwa wurin abokan aiki da masu shagunan magani. Wani ya ce, "In ba ka ba shi ba, shagon gaba zai ba shi, kai kuma a ce ba ka iya aiki ba." Gaskiya ya faɗa, haka kasuwar take, kuma ba ni da ikon rufe shagon gaba. Dexa na da wurarenta, mai asma da numfashi ya sarƙe masa na buƙatar ta nan take, ba ina cewa a jefar da ita ba ne. Abin da nake roƙo a bari shi ne ba da ita don buɗe ciki ga wanda ke rama ba a san dalili ba. Yanzu in babba ya zo mini da zazzaɓin da ya wuce mako biyu bayan magani, ko gumin dare mai jiƙa shimfiɗa, ko kaluluwar da ta tashi ba ciwo ta ƙi sauka, ko jini a fitsarin wanda ya manyanta, takarda nake rubuta masa. A takardar ina jera duk abin da ya sha, nawa da na wasu. Ina sa 'yan'uwa su kawo ledar magungunan in zazzage ta da hannuna, ina kuma tambaya ko an yi masa "allurar ƙarfi", don da wannan sunan da yawa suka san ta. Wasu kan fita su tafi shagon gaba. Wasu kan hau mota.

Maganar Kawu ba ta ƙare ba. Limfomar da ta taɓa ƙoda na da halin komawa ƙwaƙwalwa, har ma'aunin da likitoci ke amfani da shi tun 2016 wajen auna wannan haɗari ya sa kamuwar ƙoda cikin alamominsa. Saboda haka aka yi masa allurar methotrexate ta gadon baya lokacin kemo, tun da ƙodarsa ba za ta ɗauki mai yawa ta jijiya ba. Yawancin dawowar ciwon cikin shekara biyun farko take faruwa, shi ya sa yake komawa asibiti duk wata uku, a taɓa wuya da ciki, a auna ƙoda da hanta. Ta ƙwaƙwalwa kuwa ta fi kowace saurin ɓuya in ta haɗu da dexa. Mun zauna da Inna da taubashina mun yanke magana: in ya kwana da ciwon kai, ko ya fara ruɗewa, ko ganinsa ya rabu biyu, ko wani ɓarin jiki ya yi nauyi, ba za a aiko kirana in zo da jaka ba, kuma ba za a ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Lambar direba na wurinsu duka biyun, kuɗin mai na ajiye wurin Inna, jerin duk abin da ya taɓa sha kuma na cikin leda ɗaya da katin asibitinsa.